Babi na Biyar: Kafin a Ba Ka Ƙauye

A tsakiyar watan Oktoban 1961 wata budurwa Ba'amurkiya mai suna Marjorie Michelmore ta rubuta wa wani abokinta kati daga Ibadan. Irin katin nan ne na gidan waya da ba a sa shi a ambulan, hoto a gaba, rubutu a baya, duk wanda ya tsinta ya karanta. Bai kai Amurka ba. Ya faɗa hannun ɗaliban Kwalejin Jami'a ta Ibadan, inda ita da abokan tafiyarta suke ƙarasa horo kafin a rarraba su makarantu su koyar. Nan da nan aka kwafe shi, aka baza shi a harabar makaranta.

Abin da ta rubuta bai da tsawo. Ta ce duk horon da aka ba su bai shirya su ga irin ƙazanta da ƙarancin ci gaban da suka tarar ba, mutane a titi suke girki, a titi suke ciniki, har biyan bukata a titi. A lokacin Najeriya ba ta fi shekara ɗaya da 'yan kwanaki da samun mulkin kai ba, kuma ɗaliban Ibadan su ne mutanen da suka fi kowa gajiya da jin yadda Bature yake kwatanta ƙasarsu ga ɗan'uwansa. Suka kira taron gangami, suka ce waɗannan baƙi 'yan leƙen asiri ne da 'yan koren mulkin mallaka, a kore su. Labari ya cika jaridun duniya. Yarinyar ta nemi gafara, aka fitar da ita daga ƙasar. Ƙungiyar da ta kawo ta, wato Peace Corps, wadda Shugaba Kennedy ya kafa a ranar 1 ga Maris na wannan shekarar, ta tsallake rijiya da baya tun ba ta yi wata takwas a duniya ba.

An daɗe ana ba da wannan labari a matsayin wautar yarinta. Ni a ganina laifin horon ya fi nata yawa, kuma ita da kanta ta faɗi haka a cikin katin. Ayarin nasu ya yi makonni a Jami'ar Harvard yana sauraren lacca kan tarihin Afirka da tsarin ilimin Najeriya. An gaya musu sunan Awolowo da Zik da Sardauna. Abin da ba a koya musu ba shi ne yadda mutum zai dubi matar da ke suya a bakin hanya ya gane cewa sana'a yake kallo, da jari, da bashi, da kuɗin makarantar yara. Kuma ba a gaya musu cewa su ma ana kallonsu ba.

Horon wancan zamani ya ɗauka cewa babban abokin gaban baƙo a ƙasa mai zafi shi ne jikinsa. Saboda haka aka buɗe sansani a dajin Puerto Rico, kusa da Arecibo, inda ake tashin samari da 'yan mata da asuba su yi gudu, su hau dutse da igiya, su kwana a daji su kaɗai, har a ɗaure wa mutum hannu da ƙafa a jefa shi ruwa don ya koyi yadda ba zai nutse ba. A gefe guda ga likitocin halayyar ɗan Adam suna lura da kowa, wanda aka ga bai dace ba a sallame shi kafin jirgi ya tashi. Turawan Ingila kuwa nasu salon akasin haka ne. Alec Dickson, wanda shi da matarsa Mora suka kafa ƙungiyar masu aikin sa-kai ta VSO a 1958, ya fara ne da tura yaran da suka gama sakandare, 'yan shekara goma sha takwas, da ɗan guzurin bayani kawai, bisa imanin cewa aikin da kansa zai horar da su. Wannan Dickson ɗin ba baƙonmu ba ne. Shi ne ya fara cibiyar horo ta Man O' War Bay a gaɓar tekun Kamaru a farkon shekarun 1950, kuma daga can ne 'yan Man O' War suka samo asali, waɗannan da ke sa masu yi wa ƙasa hidima hawa igiya da tsallake katanga a sansanin mako uku. Duk wanda ya taɓa yin faretin asuba a sansanin hidimar ƙasa ya ɗanɗani ragowar wannan tunani.

Sai da aka ɗauki shekaru kafin a yarda cewa mai iya hawa dutse yana iya kasa zama a ƙauye, kuma ba a koyon zaman Afirka a Massachusetts. Daga ƙarshen shekarun 1960 aka fara mayar da horon cikin ƙasashen da za a yi aikin. Daga baya ma aka fitar da shi daga ajin makaranta aka kai shi cikin gidajen mutane.

A Nijar, inda Peace Corps ta yi aiki daga 1962 zuwa 2011, wurin da aka fi sani da wannan horo shi ne Hamdallaye, wani gari da bai fi kilomita talatin da 'yan kai daga Yamai ba, a kan hanyar Filinge. Sabon zuwa zai sauka daga jirgi, ba a daɗe ba sai ya ga an miƙa shi ga wani gida. Za a nuna masa ɗakinsa, da makewayi, da buta, da inda zai rataya gidan sauro a tsakar gida, domin ɗaki ba ya kwanuwa lokacin zafi. Mutanen gidan su raɗa masa suna. Wanda ya baro gida yana amsa wani sunan Turawa zai wayi gari ana kiransa Sani ko Habsatu, kuma da wannan sunan za a san shi har ya bar ƙasar. Wata biyu zuwa uku ake yi a haka, sannan a yi rantsuwa, sannan shekara biyu ta aiki.

Mafi yawan ranar a kan harshe take tafiya. Waɗanda za a tura Dosso da Tilaberi su koyi Zabarmanci, waɗanda za a kai Ƙonni da Tawa da Maraɗi da Damagaram su koyi Hausa. Malaman 'yan ƙasa ne, ajin kuwa mutum uku ko huɗu a kan tabarma ƙarƙashin rumfa. Darasin farko gaisuwa, kuma a nan ake daɗewa. Mai karatu zai ce mene ne abin koyo a "ina kwana"? To ka tuna cewa wannan mutum ya taso ne inda ake wuce maƙwabci da ɗaga hannu. Yanzu an ce masa kafin ya tambayi hanyar kasuwa sai ya tambayi kwana, da gajiya, da gida, da yara, da aiki, da zafi ko sanyi, kuma kowace tambaya da amsarta da ba ta sauyawa. Ko zazzaɓi na cin sa, amsar "ina gajiya" ita ce "ba gajiya". Ko aikin ya ishe shi, "aiki da godiya". Yakan ɗauki lokaci kafin ya gane cewa ba rahoton lafiyarsa ake nema ba, ana tabbatar masa ne cewa an gan shi, kuma ana jira a ga ko shi ma ya ga mutane. Ranar da ya shiga zauren mai gari ya cire takalmi, ya durƙusa, ya ce "ranka ya daɗe" ba tare da an taɓa shi ba, ranar ce dattawa za su fara cewa yaron nan yana da hankali. A ƙarshen horo akwai jarrabawar baka, malami ya zauna da kai a yi hira, a auna matakin da ka kai. Wanda bai kai ba a ƙara masa kwanaki.

Amma malamin da ya fi tasiri ba ya cikin takardar albashin masu koyarwa. Uwar gida ce, wadda za ta kama hannun hagun baƙon ta janye shi daga kwanon tuwo, ta maimaita masa kalma sau goma ba ta gaji ba, ta hana 'yar baƙuwa fita da kai a buɗe, ta tura yaro ya raka ta gidan suna da ɗan abin barka a hannu. Sai kuma yaran gida, waɗanda ba sa jin kunyar yi wa "anasara" dariya idan ya ce "gashi" yana nufin "ga shi". Ana ba gidan wani abu na ciyarwa, gaskiya ne. Sai dai abin da suke koyarwa ya fi ƙarfin kuɗin abinci, kuma ban taɓa ganin rahoton wata ƙungiya da ya kira su ƙwararru ba.

Darasin lafiya shi ne wanda ba a wasa da shi. Ruwa a tace, a ɗiga masa sinadarin kashe ƙwayoyin cuta ko a tafasa. Kada a yi wanka a tafki ko kogi saboda tsargiya. Idan zawo ya kama ka, kuma zai kama ka, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A koyi bambanta gudawar da za ta wuce da atunin da ke bukatar magani. Allurar shawara da ta sanƙarau da ta cizon mahaukacin kare. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro kuwa wajibi ne, wanda aka kama ya daina sha ana iya mayar da shi gida. Shekaru da yawa maganin da aka fi bayarwa shi ne mefloquine, ƙwaya ɗaya a mako, wanda ya yi suna wajen sa mugayen mafarkai da firgita, har a 2013 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa masa gargaɗi mafi tsanani. Akwai wani abu da wannan darasi yake koyarwa ba da niyya ba. Mai aikin sa-kai zai zauna a ɗakin laka, ya ci abin da ake ci, ya ja ruwa a rijiya, amma a ƙarƙashin gadonsa akwai akwatin magani, kuma idan ciwo ya yi tsanani mota za ta zo. Maƙwabciyarsa da ke naƙuda amalanke za a nema mata. Masu hankali daga cikinsu ba sa mantawa da wannan, kuma ba sa cewa sun zama 'yan gari.

Bayan 'yan makonni sai a fara sakin su a hanya, kuma wannan ne sashen horon da na fi ganin darajarsa. Za a haɗa su biyu-biyu ko uku-uku a ce su je su kwana biyu wajen wani tsohon hannu da ke zaune a ƙauyensa. Daga baya kowa ya je ya ga ainihin garin da za a ba shi. Hanyar ita ce babbar kwalta da ta tashi daga Yamai ta bi Dosso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Maraɗi, har Damagaram, tafiyar kusan kilomita 900. Babbar bas ba ta da wuya. Karatun yana farawa ne inda aka sauka daga kwalta.

A tasha zai tambayi ɗan kamasho ƙarfe nawa mota za ta tashi, a ce masa "yanzun nan". Zai biya, ya zauna, rana ta take, ya sake tambaya, a ce saura mutum biyu. A hankali zai fahimci cewa agogon motar haya shi ne kujerunta, sai ta cika take tashi, kuma cikar ba irin wadda kamfanin da ya ƙera motar ya rubuta ba ce. Zai koyi cewa kuɗin kaya daban ne kuma ana cinikinsa, cewa za a tsaya a yi salla ko ana sauri, cewa akuya tana da wurinta. Zai koyi cewa ƙauyuka da yawa mota ba ta shiga sai ranar kasuwa, wanda ya rasa ta yamma sai ya kwana ko ya taka. Idan taya ta fashe a tsakiyar daji kowa ya sauka ya nemi inuwa, wani ya miƙo masa goro ko ruwa, a ce "sai haƙuri", ba wanda ya ɗaga murya sai shi. A wannan zaman jiran ne Hausar da ya haddace a rumfa take fara zama tasa, don ba malami a kusa, kuma tsohuwar da ke gefensa tana so ta san ko yana da mata, in ba shi da ita me ya hana.

Wani zai ce wannan wahala ce kawai, me ya haɗa ta da raya karkara? Akwai haɗi, kuma wani masani ɗan Ingila, Robert Chambers, ya bayyana shi a littafinsa na 1983 kan raya karkara. Ya lura cewa yawancin jami'ai da ƙwararru suna sanin ƙauye ne ta gajeriyar ziyara a motar ofis, kuma irin wannan ziyara tana da son kai da ba a gani. Tana bin kwalta, alhali mafi talauci yana can nesa da ita. Tana zuwa da rani lokacin da hanya ke biyuwa kuma rumbu bai ƙare ba, ba ta zuwa tsakiyar damina lokacin da hatsi ya ƙare, aikin gona ya yi yawa, zazzaɓi ya kwantar da yara. Tana ganawa da mai gari da maza masu baki, ba ta ganin bazawarar da ke bayan gari. Wanda ya shiga ƙauye a bayan a-kori-kura ranar kasuwa, ya zauna har damina ta same shi, ya kuɓuta daga yawancin waɗannan makanta. Shi ya sa ake gaya wa sabon mai aikin sa-kai cewa watanni ukun farko kada ya fara komai. Ya zaga gari, ya sha shayi, ya zana taswirar rijiyoyi da gonaki tare da mutane, ya tambayi mata daban, maza daban, yadda ranarsu take tafiya da watan da ya fi musu wuya. Ga matashin da ya zo da zumuɗin gyara duniya, wannan umarni ya fi hawa dutsen Puerto Rico wuya.

To bayan duk wannan, me yake iya yi? A nan ya kamata a rage murya. Yaro ɗan shekara ashirin da biyu da ya karanta tarihi a jami'a, aka koya masa haɗa takin gargajiya da renon itatuwa cikin makonni, ba shi da abin da zai koya wa manomin gero na Dakoro game da gero. A 1968 Ivan Illich ya tsaya gaban wasu ɗalibai Amurkawa masu irin wannan aiki a ƙasar Meziko ya gaya musu ƙiri-ƙiri cewa kyakkyawar niyya ba ta wadatar ba, su zo su yi yawo, su yi karatu, amma su daina zuwa da sunan taimako. Maganarsa tana da zafi, kuma rabinta gaskiya ne. Ita kanta Peace Corps ta san haka, domin cikin manufofinta uku ɗaya ce kawai ta shafi aikin hannu, sauran biyun fahimtar juna ce tsakanin Amurkawa da mutanen da suka sauke su.

Duk da haka akwai abin nunawa. A kwarin Majiya da ke yankin Tawa, layukan dogon yaro da aka fara dasawa a 1975 don tare iska, aikin da ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun dajin Nijar suka jagoranta, masu aikin sa-kai suna cikin waɗanda suka yi renon dashen. A yaƙin da aka yi da kurkunu sun bi ƙauyuka da ƙyallen tace ruwa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Nijar da Najeriya sun rabu da cutar. A duka biyun baƙon ƙaramin hannu ne a cikin babban aikin da 'yan ƙasa suka ɗauka, kuma a nan ne yake da amfani. Riba mafi girma kuwa sau da yawa shi take bi gida. Paul Newman, wanda malaman Hausa suka sani da Malam Sabo, yana cikin ayarin farko-farko da aka kawo Najeriya a 1961, ya koyar a Maiduguri, daga baya ya rubuta babban littafin nahawun Hausa da ya fito a 2000. Russell Schuh, Malam Takalmi, a aikin yaƙi da jahilci na Nijar ya fara a tsakiyar shekarun 1960, ya ƙare yana farfesan harsunan Chadi a Kalifoniya. An turo su su koyar, suka koma da sana'ar rayuwa. Ban ga aibu a wannan ba, muddin an faɗi wanda ya ba wani.

Kada mu ɗauka cewa wannan magana ta Turawa ce kaɗai. Tun 1987 Najeriya take da nata shirin na tura malamai da likitoci da ma'aikatan jinya da injiniyoyi zuwa ƙasashen Afirka da Karebiyan da tsibiran Fasifik na tsawon shekara biyu, shirin da aka ƙirƙiro zamanin Babangida lokacin da Bolaji Akinyemi yake ministan harkokin waje. Waɗannan ƙwararru ne na gaske, ba 'yan koyo ba, wanda hakan ya fi abin da Amurka ke turawa. Amma likita daga Zariya da aka sauke a Fiji ko Jamaika shi ma baƙo ne, ko da ido makaho ne, kuma mu 'yan Najeriya ba a san mu da yin shiru na wata uku a garin mutane ba. Katin gidan waya ya tafi, wayar hannu ta zo, hoto ɗaya da kalma biyu a Facebook sun isa su jawo abin da katin Marjorie ya jawo.

Akwai darasi guda a horon Hamdallaye da aka riƙa yi ana hamma, wato tsarin gaggawa: idan aka ce ka zauna inda kake, ka zauna, idan aka ce a taru, ga gidan da za ka nufa a babban garin yankinku, ga abin da za ka ɗauka a jaka ɗaya. A ranar 7 ga Janairun 2011 'yan bindiga suka sace wasu samari Faransawa biyu daga wani gidan cin abinci a tsakiyar Yamai, washegari aka same su a mace kusa da iyakar Mali. Cikin 'yan kwanaki aka tattaro duk masu aikin sa-kai 98 da ke ƙasar aka kwashe su zuwa Maroko, aka dakatar da shirin da ya shekara kusan hamsin, wanda sama da mutum 3,000 suka bi ta cikinsa. Wasu daga cikin waɗanda aka kwashe ba su daɗe da yin rantsuwa ba, ko watanni ukun sauraro ba su fara ci ba. An ba wasu damar komawa wata ƙasa su sake zama a tabarma su fara sabon harshe daga gaisuwa. Malaman Hausa da Zabarmanci, da direbobi, da masu dafa abinci, da gidajen da suka saba karɓar baƙi duk shekara, su suka tsaya neman wani aikin.